Sunanta a Gaban Rigata

Ɗakin farko da na kwana cikinsa a Landan ba ɗaki ba ne, ko da yake ba na son in zalunci wanda ya ba ni shi, wataƙila a ganinsa ɗaki ne. Wata 'yar rumfar katako ce a bayan wani gida a Dagenham, da alama injin yanke ciyawa ake ajiyewa a ciki kafin a tura mata katifa. Tun ina Kano muka daidaita da mutumin ta waya, ɗan ƙasarmu ne mai daɗin baki, ya turo min hoton ɗaki mai labule da teburin karatu. Da na nuna masa hoton na ce ina ganin kamar akwai ɗan bambanci, sai ya yi dariya ya ce wancan na sama ne, an riga ni. Ban yi musu ba. Dama ban iya musu ba, balle a ƙasar da ban san dokarta ba, inda nake jin kamar ko murya na ɗaga za a ce na karya sharaɗin bizata.

Baba Ilu ne ya fitar da ni daga rumfar. Alhaji Iliyasu sunansa, abokin marigayi mahaifinmu ne tun suna makarantar kwana. Ya yi aiki a Landan har ya yi ritaya, ya zauna nan Dagenham da 'ya'yansa, waɗanda ke jin Hausa sarai amma su amsa maka da Turanci. Umma ta ba ni lambarsa, ni kuwa na yi ta jin nauyin kiransa har sai da sanyin rumfar ya fara kama min ƙirji. Ya zo yana dogara sanda, ya leƙa ciki, ya dubi katifar, ya dube ni. Bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi in ɗauko jakata. A hanya ne ya ce in riƙa zuwa gaishe shi duk Juma'a, domin shi yanzu ƙafa ta hana shi yawo, ga ciwon suga. Haka kuwa aka yi. Ni nake zuwa wurinsa, shi bai sake taka inda nake ba.

Shi ya samo min ɗaki a Plumstead, can tsallaken kogi, a wani gida mai hawa biyu. Ɗakina yana sama, na ƙasa kuma na Awudu ne, mutumin zangon Kumasi, wanda ke aikin tura gadon marasa lafiya a wani babban asibiti a Camberwell. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne, sai da na ɗan daɗe kafin kunnena ya saba. Ranar farko ya same ni ina karanta takardar da council, wato ƙaramar hukumar unguwar, ta manna game da ranakun fitar da shara, ina sake karantawa don kada in yi kuskure. Daga ranar ya raɗa min suna Malam Doka. In ya dafa shinkafa da wake irin tasu mai ja, sai ya ƙwala kira daga ƙasa, Malam Doka ya sauko ya ci, ba a hana ba.

Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni, a fannin ruwan sha. Amma abin da nake son in ba da labarinsa ba karatun ba ne, alkawarin da na yi wa ƙanwata ne.

Hindatu ita ke bi na. An haife ta da sikila, ni kuwa gwaji ya nuna ko ɗigon ciwon babu a jinina. Tun muna yara ni ne mai gudu, a makaranta da jami'a duk ina cikin masu dogon zango, ita kuma tana zaune a tabarma da rigar sanyi ko da ana zafi. Ba ta da ƙarfin jiki amma tana da baki. In na dawo daga atisaye ina haki, takan ce, "Yaya, ka riga ni zuwa duniya ka kwashe lafiyar gidan nan kaf, ka bar min ƙanzo. To tunda ka kwashe, ka yi gudu da ita da kyau." Dariya take yi in ta faɗa, ni ma ina yi, amma ban tabbata na taɓa jin maganar a matsayin wasa zalla ba.

Da na ɗan zauna a Landan sai na shiga ƙungiyar masu gudu ta jami'armu, saboda kaɗaici ya fara yi min yawa. Nan ne kaɗai ba sai na yi dogon Turanci ba. Kocinmu wata dattijuwa ce mai gajeren gashi, ba ta iya faɗin sunana Sagir ba sai ta ja shi, amma ita ta lura ina gudu da takalmin da bai dace da sanyi ba, ta kawo min na ɗanta ta ce ya yi masa kaɗan. Muna shirin gasar jami'o'i ta bazara, kowa maganarta yake yi, musamman 'yan ajin ƙarshe da suka san daga ita sai barin fili.

Wata rana na je Camberwell kai wa Awudu makullin da ya manta. A bakin titi na ga wasu mutane da jajayen riguna suna raba takardu. Wata ƙungiyar agaji ce da ke tara gudummawa don binciken maganin sikila, suna neman waɗanda za su yi musu gudun dogon zango a babban tseren da ake yi cikin gari. Na daɗe a tsaye ina kallon kalmar a rubuce da manyan baƙaƙe a bainar jama'a. A gidanmu ba a kiran sunan ciwon. In ya tashi sai a ce jikin Hindatu ya motsa, in baƙi suka tambaya a ce zazzaɓi ne. Na karɓi takardar, na yi kwanaki ina juya ta, sannan na nuna wa koci. Ta ce in shiga, za ta shirya ni. Ita ta gaya min cewa masu tseren kan buga suna a gaban rigarsu, domin mutanen da ke cika gefen titi suna karantawa su riƙa kira suna ƙarfafa maka gwiwa. Ta ce wasu nasu suke sawa, wasu kuma na wanda suke yi wa gudun.

Da na ba Hindatu labari ta waya, sai ta sa na maimaita mata. Can ta ce, wato Turawa za su tsaya a titi, ba su san ta ba, su yi ta kiran sunanta? Na ce haka aka gaya min, ban gani da idona ba tukuna. Sai ta fara kwaikwayon yadda za su faɗa, tana maƙe murya tana jan shi, "Hin-daa-tuu," har tari ya sarƙe ta. Ta ce nata zan sa, kuma ranar in samu wanda zai riƙe waya ya nuna mata kai tsaye, tana so ta ji da kunnenta. Na ce in Allah Ya yarda. Ta ce ita ba ta son in Allah Ya yarda irin tawa, wadda ake fakewa a bayanta, alkawari take so. Na yi mata.

Umma ba ta so ba. Ta karɓi wayar ta ce yarinya ce mace, gobe wani zai zo neman aurenta, ya za a yi a rubuta sunanta kusa da sunan ciwo a ɗora a duniya kowa ya gani? Ta ce in gudun ne in yi, Allah Ya ba da lada, amma in sa wani sunan. Ina jin muryar Hindatu daga gefe tana cewa duk unguwarmu ta Ɗorayi wa bai san gadonta a asibiti ba, wanda zai gudu ai gara ya gudu tun yanzu. Umma ta ce mu muka sani, ta kashe wayar. Na yi makonni ina jinkirta maganar rigar, ina tunanin ko in sa harafin farko kawai, ko in sa laƙabin kakarmu da Hindatu ta ci sunanta. A ƙarshe na tuna alkawarin da na ɗauka, na ce a buga shi cikakke. Ban gaya wa Umma ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Rigar ta iso ne a makon da aka fara maganar korona da gaske. Da farko labari ne na wasu ƙasashe, sai ya zama na wasu unguwanni, sai aka daina musabaha a masallaci. Wata yamma koci ta tara mu a filin atisaye, ta sa muka tsaya nesa da juna, ta ce jami'a ta soke duk wasanni, gasar bazara babu ita, filin ma daga gobe a rufe yake. Wani ɗan ajin ƙarshe ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Ban san me ake ce wa mutum a irin wannan ba da Turanci, sai na tsaya kawai. Ba a jima ba saƙon ƙungiyar agajin ya shigo, babban tseren ma an dakatar.

Na ji kunyar yadda abin ya dame ni, ganin mutane mutuwa suke yi, ni kuma ina baƙin cikin tsere. Amma na san ba tseren ne ke damuna ba. Na kira ta na ce an yi cancel. Ta tambaya sokewa aka yi ko ɗagawa. Na ce sun ce ɗagawa, sai dai ba su faɗi rana ba, kuma ba na son in ba ta tabbacin da ni ma ba ni da shi.

"To ka ce musu su yi sauri," in ji ta. "Ni ba ni da lokaci irin nasu."

Ta yi dariya, na ce ta daina irin wannan maganar. Ta ce Malam Doka ya hana, domin na taɓa yin kuskuren gaya mata sunan.

Daga nan aka shiga kulle. Garin ya yi tsit, ba ka jin komai sai jiniyar motar asibiti. An yarda mutum ya fita motsa jiki sau ɗaya a rana, ni kuwa ko na fita sai in riƙa waige, ina tsoron kada in wuce iyakar da ba a ma faɗa ba. Na daina zuwa Dagenham, gaisuwar Juma'a ta koma ta waya. Awudu kuwa aikinsa ƙaruwa ya yi. In ya dawo sai ya tuɓe kayan aiki a bakin ƙofa ya wuce banɗaki, mun daina cin abinci tare, sai dai ya ajiye min kwano a kan matakala ya buga bango. Wani lokaci ina jin sa yana waya da matarsa a Kumasi yana ce mata aiki lafiya lau, alhali na ga idonsa da ya shigo. Azumi ya zo ya same mu haka, kowa ya sha ruwa a ɗakinsa. Ina fita gudu dab da magariba, da yunwa, don kada jikina ya manta. Ranar Sallah na saka sabuwar shaddar da Umma ta sa min a jaka, na yi raka'a biyu ni kaɗai, na cire ta na ninke.

Bayan Sallah ƙungiyar ta aiko da sabon tsari. Tunda ba za a taru ba, kowa ya yi gudunsa shi kaɗai a unguwarsa, a wata Lahadi da suka sa, da rigarsa. Na gaya wa Hindatu, amma na ce kada ta sa rai da yawa, babu taron jama'a, mai yiwuwa ba wanda zai kira komai. Ta ce ko mutum ɗaya ne ya ishe ta. Awudu ya ce ranar hutunsa ce, zai bi ni a keke ya riƙe waya.

A cikin makon ne ciwon ya tashi, wannan karon a ƙirji. Kano ma tana cikin nata kullen. Kawunmu ya ɗauke ta a mota suka yi ta zagaye, duk inda suka je da an ji numfashi ne sai a ja baya, kowa tsoron korona yake yi, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Daga baya wani wuri ya karɓe ta. Ana neman jini, masu bayarwa kuma suna kulle a gidajensu. Ni da nake da jinin da zai yi mata, ina nan Plumstead ina zagaye fili da shi.

Magana ta ƙarshe da muka yi ta bidiyo ce. An sa mata robar iska a hanci, idonta ya yi rawaya. Ba ta yi zancen ciwo ba. Tambaya ta yi ko an goge mata rigarta. Na juya wayar na nuna mata ita a rataye a jikin ƙofa, ja, da sunanta da fararen baƙaƙe. Ta daɗe tana kallo, ta ce baƙaƙen sun yi ƙanana, tsofaffi ba za su gani ba. Na ce zan riƙa matsawa kusa da su. Ta ce doka ta hana.

Daga ranar wayarta ta daina shiga. In na kira Umma sai ta ce ta samu barci, ko likita yana ciki, jikin dai da sauƙi. Maganar ba ta wuce haka, sai ta ce ana kiran ta. Sau ɗaya na ji muryoyin mata da yawa a bayanta, da ƙarar kwanuka, irin wadda ba a ji a asibiti. Na ce wa kaina wataƙila ta koma gida ɗaukar kaya ne maƙwabta suka shigo dubiya.

Ranar Alhamis Baba Ilu ya kira ni, shi da kullum ni ke kiransa. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi Awudu, sannan ya ce yana son ya zo ya gan ni.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba a gaya wa na nesa rasuwa ta waya, musamman wanda ke zaune shi kaɗai a baƙon wuri. Ana neman babban da ke kusa da shi a gaya masa, shi kuma ya taka da ƙafarsa, ya zaunar da mutum, ya riƙe hannunsa, sannan ya faɗa. Na san wannan, na ga an yi wa wasu. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, Baba ai doka ta hana shiga gidan wani. Ya ce ya ji an sassauta, ana iya haɗuwa da mutum ɗaya a waje. Na ce ban tabbata sassaucin ya shafi masu shekarunsa ba, ga suga, ga shi Awudu a asibiti yake aiki, in wani abu ya same shi ta dalilina ba zan yafe wa kaina ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban ga ƙarya a ciki ba. Sai dai ban tambaye shi me ya sa yake son ganina ba, kuma ina jin ya lura ban tambaya ba.

Bai matsa ba. Sannan ya ce yaushe ne gudun nan nawa, kuma a ina zan ƙare. Na gaya masa Lahadi da hantsi, a filin ciyawar da ke saman unguwarmu. Ya ce Allah Ya kai mu.

Ranar Lahadi na goge rigar na saka. Awudu yana jira a waje da kekensa, ya ɗaure wayata a kan sitiyari. Bai ce Malam Doka ba. Na ce ya kira lambar Umma a haɗa ni da Hindatu kafin in fara. Ya danna, ya kai kunne, ya ce layin Najeriya ba kyau yau. "Bari in yi recording," in ji shi, yana kallon tayar keken. "Ka yi gudunka kawai."

Na gangara ta Woolwich na kama hanyar bakin kogi. Rana ta fito, ruwan ya janye ya bar laka. Mutane ɗai-ɗai ne, kowa ya hango ka sai ya kauce gefe ya kawar da fuska, kamar yadda muka koya a watannin nan. Ba wanda ya kalli ƙirjina. Na yi ta gudu ina lura da duk mai tahowa, ina ɗan buɗe kafaɗa don rubutun ya fito, ina jin kunyar kaina. Na kai inda zan juya na juyo. Ƙafafuna suka fara nauyi, Awudu yana miƙo min ruwa. Na fara shirya yadda zan gaya mata cewa ba a samu ko ɗaya ba, ina neman kalmar da za ta sa ta yi dariya.

Mun kusa barin bakin kogin ne muka zo wajen wasu gidaje masu baranda a ƙasa. Wata tsohuwar Baturiya tana zaune a kujera da bargo a cinya da kofin shayi. Ta miƙo wuya, ta ƙanƙance ido tana karanta rigata, na rage gudu ba tare da na yi niyya ba. Sai ta ajiye kofin ta tafa hannu, ta ɗaga murya da iyakar ƙarfinta.

"Hin-daa-tuu!"

Daidai yadda Hindatu ta kwaikwaya, har jan da ta yi a tsakiya. Ta ƙara da wata magana ta ƙarfafa gwiwa da ban ji sosai ba, ta sake kira. Dariya ta kama ni ina gudu, na waiga na ce wa Awudu ya ɗauka? Ya gyaɗa kai. Idonsa ya yi ja yana zubar da ruwa, na ce iskar kogi ce.

Hawan da ke komawa Plumstead ya kusa kayar da ni, amma na hau shi da murna. Da na shigo filin sai na hango farar babbar riga a kan benci, da hula, da takunkumi a fuska. Baba Ilu ne, ya jingine sandarsa a gwiwa. Mutumin da bai fita ƙofar gidansa ba tun da aka fara kulle ya tsallako kogi ya zo. Ban ƙarasa inda na sa zan tsaya ba, ƙafafuna suka tsaya da kansu.

Ya bari na huta. Ya ce in zauna a ɗaya ƙarshen bencin, na zauna. Ya yi min sannu, ya ce mahaifina ma mai gudu ne a makaranta amma bai kai ni ba. Sannan ya sauke takunkumin zuwa haɓa don in ga bakinsa.

"Sagir, sai haƙuri. Allah Ya karɓi Hindatu tun ranar Laraba. An yi mata sutura a ranar."

Ya miƙo min hannu kamar yadda ake yi. Ni kuwa, Allah Ya sani ban yi tunani ba, jikina ne ya ja baya da kansa, saboda watannin da na yi ina koya masa hakan. Hannunsa ya tsaya a iska. Ya dube shi, ya dube ni, bai ji haushi ba. Sai ya ɗauki sandarsa ya riƙe kanta, ya miƙo min gindin. Na kama. Haka muka zauna, shi da gefe ni da gefe, yana addu'a, Awudu yana tsaye riƙe da keke yana amin. Ina jin nauyin hannun tsohon yana biyo sandar har tafina. Ban saki ba har ya gama, bayan ya gama ma ban saki ba.

Daga baya na tambaye shi ko shirya abin aka yi, a bar ni in yi gudun tukuna. Ya ce a'a, da na bar shi ya zo ranar Alhamis da ya faɗa min a ranar. Da na hana shi ne ya yi tunani ya ce wataƙila haka Allah Ya so, sai ya kira Awudu ya gaya masa. Har yanzu ban san wanne ya fi ba. Wani lokaci ina ganin da na sani da ban iya ɗaga ƙafa ba, wani lokaci kuma ina ganin na sani ɗin, shi ya sa na gudu.

Da la'asar na kira Umma. Ta tambaya ko Alhaji ya same ni, na ce ya same ni. Muka yi wa juna gaisuwa kamar baƙi, domin in ba haka ba ba za mu iya magana ba. Ta ce ba ta sha wahala sosai a ƙarshe ba, ban sani ba ko gaskiya ne ko irin abin da ake gaya wa na nesa ne. Har na yi shirin sallama sai ta ce, sunan nata, na sa shi? Na ce na sa, Umma, ki yi haƙuri. Ta ce wani ya kira? Na ce mace ɗaya, wata tsohuwa. Ta ce in turo mata.

Na yanko wurin a bidiyon na tura. Na zauna a bakin gado da rigar a jikina, gumin ya bushe ya bar gishiri a kan baƙaƙen. Ba a daɗe ba wayar ta yi ƙara. Ina jin matan da suka zo zaman makoki a bayanta, wata tana cewa a sake kunnawa ba ta ji ba.

"Ba ta iya faɗinsa daidai ba," in ji Umma. Ta ja numfashi. "Amma ta ɗaga murya."